Lesin ɗin lissafi a unguwarmu: abin da iyaye ke nema da abin da yaro ke bukata

Iyayen da suke neman malamin lissafi na gida a unguwarmu, wadda take can gefen birni, mafi yawansu a lokuta biyu suke zuwa: ko dai a makon da aka raba sakamakon jarrabawar ƙarshen zango, ko kuma idan babbar jarrabawar kammala sakandare ta rage 'yan makonni. Maganar da suke zuwa da ita kusan iri ɗaya ce. Uba zai ce, "Malam, yaron nan kansa ba ya ɗaukar lissafi, a taimaka mana da shi," uwa kuma ta ƙara da cewa ita ma tun tana makaranta ba ta iya ba, don haka gado ya yi. Na daɗe ina wannan aiki na bin gidaje da yamma ina koyar da 'yan firamare da 'yan sakandare, kuma abin da na fahimta shi ne, aikin da iyaye suke biya a yi musu da aikin da yaron yake bukata sau da yawa ba sa haɗuwa. Iyaye suna so a bi yaro da darasin da ake yi a aji a wannan makon, a tabbatar ya yi aikin gida, maki ya tashi kafin zango ya ƙare. Shi kuwa yaron, matsalarsa yawanci tana can baya, a wani darasi da aka wuce shekara uku ko huɗu da suka gabata bai gane ba, kuma ba wanda ya tsaya ya duba.

Akwai dalilan da suka sa wannan giɓi ya fi yawa a irin unguwanninmu. Gidaje suna ƙaruwa da sauri fiye da yadda ake gina makarantu, saboda haka aji yakan cika ya batse, malami ɗaya kuma yana da manhajar da dole ya kammala kafin hutu, ko an gane ko ba a gane ba. Iyalai da yawa sababbin zuwa ne, sun taso daga cikin gari ko daga wani garin, kuma duk yaron da ya sauya makaranta a tsakiyar shekara akwai yiwuwar wani darasi ya faɗa tsakanin makarantun biyu, tsohuwar ba ta kai gare shi ba, sabuwar kuma ta riga ta wuce shi. Ga kuma nisa. Iyaye suna fita aiki da sassafe, ba sa dawowa sai dare ya yi saboda tsawon hanya da cunkoson motoci, kuma suna isowa a gajiye har ba wanda yake da sukunin buɗe littafin yaro ya ga abin da ke ciki. Ba na ganin laifin malamin aji a nan, domin wanda yake tsaye gaban ɗimbin yara na minti arba'in ba shi da yadda zai yi ya bi tunanin kowane ɗaya daga cikinsu.

Lissafi kuwa ba ya yafe irin wannan giɓi kamar yadda wasu darussa suke yafewa. Idan ɗalibi ya rasa darasin tarihin wata daula, yana iya fahimtar na daular da ke biye da ita ba tare da wata wahala ba. Amma wanda bai iya rabawa ba, lissafin gutsure, wato irin su rabi da sulusi da rubu'i, zai gagare shi, wanda kuma gutsure ya gagara zai sha wahala a kashi cikin ɗari da aljabara da duk abin da ya biyo baya. A shekarar 2012 Robert Siegler, wani masanin yadda yara ke koyo a Amurka, da abokan aikinsa sun fitar da wani bincike da suka yi a kan bayanan ɗaliban Amurka da Birtaniya, inda suka gano cewa iya gutsure da rabawa a ƙarshen firamare yana nuna yadda ɗalibi zai kasance a aljabara shekara biyar ko shida bayan nan, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da iliminsu da kuma basirar yaron gaba ɗaya. Ban yi mamakin wannan sakamako ba, domin kusan duk ɗan babbar sakandare da aka kawo mini da kukan aljabara, idan na tona sai in tarar ciwon a gutsure yake.

Saboda haka zaman farko ba na koyar da komai. Ina ba yaro 'yan tambayoyi masu kama da sauƙi, in roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani da baki yayin da yake rubutawa, ni kuma in yi shiru in saurara. Ina tambayarsa nawa ne 1/2 a tara da 1/3. Ina tambayarsa wanne ya fi girma tsakanin 0.8 da 0.75. Ina rubuta masa 8 + 4 = __ + 5 in ce ya cike gurbin. Ina tambayarsa abin da zai rage idan aka ɗebe 5 daga 3. Amsar daidai ba ta cika damuna ba a wannan rana, amsar kuskure ce nake jira, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma yaro ba ya yin kuskuren lissafi haka kawai. Kusan kowane kuskure yana da wata ƙa'ida da yaron ya ƙirƙiro wa kansa, yana binta da gaskiya, kuma har sai an gano ta an nuna masa inda ta karye, maimaita masa hanyar daidai sau goma ba zai kawar da ita ba.

Wanda ya ce 1/2 da 1/3 sun zama 2/5 ya tara lambobin sama ne daban, ya tara na ƙasa daban, domin a wurinsa 1/2 lambobi biyu ne da aka ɗora ɗaya a kan ɗaya, bai taɓa ɗaukarta a matsayin adadi guda mai girma na kansa ba. Da irin wannan yaro ba na fara maganar neman lambar ƙasa ta bai ɗaya. Sai in ja layi a takarda daga 0 zuwa 1, in ce ya nuna mini wurin rabi, sannan ya nuna mini wurin 2/5, kuma idan ya ga da idonsa cewa 2/5 bai kai rabi ba, sai in tambaye shi yadda aka yi mutum yana da rabi, aka ƙara masa wani abu, ya koma da ƙasa da rabi. Shirun da yakan biyo bayan wannan tambaya ya fi duk wani bayani da zan yi amfani, domin daga nan ne yaron da kansa yake fara neman dalilin da zai sa a mayar da su 3/6 da 2/6 kafin a sami 5/6. Wanda ya ce 0.75 ya fi 0.8 kuwa, ya duba ne ya ga 75 ta fi 8, wato bai san darajar gurbin da lamba take zaune a bayan ɗigo ba, kuma wannan gyara ne na zama ɗaya ko biyu idan an gano shi.

Tambayar cike gurbi, wato 8 + 4 = __ + 5, ita ce ta fi tona asiri. Yara da yawa suna rubuta 12, wasu kuma 17, alhali amsar 7 ce. Dalili shi ne tun daga ajin farko sun saba ganin alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe", ba su taɓa sanin cewa tana nufin abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya ba. Irin wannan yaro idan ya isa aljabara aka ce masa ya warware 2x + 3 = 11, abin da kawai ya rage masa shi ne haddace cewa "idan lamba ta tsallaka sai alamarta ta canza", ba tare da ya san dalilin ba, kuma da zarar tambaya ta ɗan sauya fasali sai hadda ta watse. Nakan ajiye haruffa gefe in ce masa: na riƙe wata lamba a zuciyata, na ninka ta biyu, na ƙara uku, na sami goma sha ɗaya, wace lamba ce? Mafi yawansu nan take suke cewa huɗu. Idan na tambayi yadda aka yi, sai yaro ya ce ya cire uku ne ya raba biyu, kuma a nan nake nuna masa cewa abin da ya yi da kansa yanzu shi ne abin da littafi yake nema da x ɗinsa.

Yana da kyau malami ya tuna cewa waɗannan abubuwa ba su zo wa masana da kansu da sauƙi ba. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da jimloli ya rubuta shi gaba ɗaya, babu harafi ko alama da ke tsaye a madadin adadi, kuma al'adar amfani da x da y da z ga abin da ba a sani ba sai a 1637 ta kafu a rubutun René Descartes. Lambobin ƙasa da sifili kuwa, Brahmagupta na Indiya ya tsara ƙa'idojinsu a shekarar 628 yana kwatanta su da bashi, na sama da sifili kuma da dukiya, amma duk da haka har cikin ƙarni na 18 akwai masana lissafi a Ingila da suke ƙin amincewa da su. Abin da ya ɗauki manya ƙarnoni, shi ne muke so ɗan shekara goma sha biyu ya haɗiye cikin mako guda, sannan mu ce kansa ba ya ja. Har yanzu da misalin Brahmagupta nake fara wannan darasi, domin kowane yaro ya gane cewa mai uku da ake binsa biyar, bashin biyu ya rage a kansa. Sai dai misalin bashi ba ya kai mutum ga dalilin da ya sa −1 sau −2 yake ba da 2, don haka a nan nakan jera masa 3 × −2 = −6, 2 × −2 = −4, 1 × −2 = −2, 0 × −2 = 0, in bar shi ya lura cewa amsar tana ƙaruwa da biyu a kowane layi, sannan ya faɗi abin da ya kamata layi na gaba ya zama.

Babban abin da ke lalata awar lesin shi ne daɗin bakin malami. Mai iya lissafi yana jin daɗin warware tambaya a gaban wani, yana zuba bayani mai tsari, yaro yana gyaɗa kai, a ƙarshe malam ya ce "Ka gane?" yaro ya ce "Na gane, Malam," kowa ya tashi da farin ciki. Wannan tambaya ba ta da wani amfani, domin yaro mai ladabi ba zai dubi babba ya ce bai gane ba, kuma sau da yawa shi kansa yana zaton ya gane, tun da bin bayanin wani abu ne mai sauƙi matuƙa idan aka kwatanta da fara tambaya daga farar takarda. Ƙa'idata ita ce biro ya fi daɗewa a hannun yaro fiye da nawa. Idan ya maƙale, ba na karɓar biron, sai dai in tambaye shi abin da aka ba shi, da abin da ake nema, da ko ya taɓa ganin mai kama da wannan. Waɗannan tambayoyi daga matakai huɗu na masanin lissafi George Pólya suke, waɗanda ya wallafa a 1945: a fahimci tambayar, a tsara hanya, a bi hanyar, sannan a waiwaya a duba. Mataki na huɗu ne yara suka fi tsallakewa, shi ya sa yaro zai rubuta cewa shekarun uba sun kama tara, na ɗansa kuma arba'in, ya ja layi biyu a ƙarƙashi bai ji komai ba.

Shiru ma aiki ne, kuma yana da wuya. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a shekarun 1970 ta gano cewa malamai idan suka yi tambaya, kimanin daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su amsa da kansu ko su juya ga wani ɗalibi, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suna ƙara tsawo da ma'ana. Malamin aji yana da uzurin agogo. Malamin gida ba shi da wannan uzuri, domin haƙurin jira na daga cikin abin da aka ɗauke shi ya kawo.

Aikin gida na makaranta shi ne inda na fi samun saɓani da iyaye. Wasu suna ɗaukar malamin lesin a matsayin wanda zai zauna da yaro har a gama aikin da aka ba shi, kuma malamai da yawa suna yarda da hakan domin shi ne mafi sauƙi, kowa kuma yana ganin sakamakonsa washegari. Illar ita ce aikin da aka miƙa babu kuskure ko ɗaya yana ɓoye wa malamin aji halin da yaron yake ciki, makin aikin gida ya yi sama, sannan ranar jarrabawa a ga abin da ba a zata ba. Ni nakan nemi yaro ya gwada aikinsa kafin in zo, ko da duk zai ɓata, sai mu duba inda ya tsaya, in ba shi wata tambaya mai kama da ita mu yi tare, shi kuma ya koma ga tasa shi kaɗai. Sauran lokacin na giɓin baya ne. Ina faɗa wa iyaye tun farko cewa za su ga ɗan aji uku na sakandare yana yin aikin 'yan firamare na wasu makonni, kada su ɗauka raini ne ko ɓata lokaci, kuma wanda bai amince da wannan ba gara mu rabu tun ba a fara ba.

Duk da na fi ba fahimta muhimmanci, ba na cikin masu ganin hadda abin kunya ce. Jadawalin ninkawa dole ne ya zauna a ka har yaro ya faɗi 7 sau 8 ba tare da ya tsaya ƙirga yatsu ba, domin abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma wanda ya ƙarar da hankalinsa wajen neman 56 ya riga ya manta abin da tambayar take nema. Kalkuleta tana da wurinta a manyan azuzuwa, amma wanda bai iya kintatar girman amsa ba, ko ya danna kuskure ba zai sani ba. Tsarin Kumon, wanda Toru Kumon, wani malamin lissafi na sakandare a Japan, ya fara a 1954 da takardun da yake rubuta wa ɗansa, a kan abu biyu ya tsaya: a fara da yaro daga inda yake iyawa cikin sauƙi, kuma a yi kaɗan kowace rana. Ina ganin gaskiyarsa a duka biyun, ko da yake takardun atisaye kaɗai ba sa koya wa yaro yadda zai fitar da lissafi daga tambayar da aka rubuta da jimloli. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba, shi ya sa nake buɗe kowane zama da 'yan tambayoyi daga makon jiya da watan jiya a cakuɗe, kuma shi ya sa gajerun zama biyu ko uku a mako suka fi mini doguwar rana guda a ƙarshen mako, wadda yaro yake fita daga cikinta a galabaice.

Masu tallata lesin suna son ambaton Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago, wanda ya rubuta a 1984 cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ya zarce kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji na yau da kullum. Abin da ba sa faɗa shi ne, a gwaje-gwajen da Bloom ya dogara da su ana yi wa ɗalibi gwaji a kai a kai, a gyara masa kuskure, kuma ba a wucewa gaba sai ya ƙware a abin da ke gabansa. Binciken da ya biyo baya ma bai sami tasiri mai girman haka ba. Wani nazari na 2020 da ya tattara gwaje-gwaje 96 ya tabbatar da cewa koyarwar ɗaiɗai ko ta ƙaramin rukuni tana da amfani ƙwarai, amma girman amfanin bai kai ɗaya bisa biyar na abin da Bloom ya ambata ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne zaman malami kusa da yaro shi kaɗai ba ya haifar da komai, gyaran kuskure a kan lokaci da ƙin wucewa kafin a iya su ne suke aikin, kuma duk malamin da ya yi wa iyaye alkawarin wani maki tun kafin ya ga rubutun yaron, ya kamata a yi hattara da shi.

Akwai yaran da tsoro ne ya riga giɓin zama a zukatansu. Za ka gane su da yawan gogewa, da rufe rubutu da hannu, da saurin cewa "ban sani ba" tun kafin a gama karanta tambaya. Yawancinsu an taɓa kunyata su a gaban aji ko an yi musu tsawa a kan kuskure, kuma idan malamin gida ya zo da irin wannan hali, ya ƙara wa ciwon gishiri ne kawai. Da su nakan sauka ƙasa sosai, zuwa inda za su ci tambaya biyar a jere da ƙoƙarinsu, domin yabon baki ba ya gamsar da yaron da ya san bai iya ba. Ina kuma roƙon iyaye su daina maganar gado a gabansa, musamman uwa a gaban 'yarta, domin yarinyar da ta ji cewa matan gidansu ba sa iya lissafi ta sami izinin ajiye biro. Marigayiya Maryam Mirzakhani 'yar Iran, wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, an san ta da cewa a hankali take aiki, tana daɗewa a kan tambaya guda, kuma nakan faɗa wa yara wannan domin da yawansu sun ɗauka sauri shi ne iyawa.

Waɗanda suke zuwa ana saura 'yan makonni jarrabawa kuwa, nakan gaya musu gaskiya cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai yiwu a wannan ɗan lokaci shi ne a zaɓi darussan da suka fi fitowa kuma yaron yake da ɗan tushe a cikinsu, a yi tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba, a koya masa nuna matakan aikinsa domin ya tsira da makin hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Wannan yana iya ɗaga mai gab da ci ya haye, amma ba ya cike giɓin shekara huɗu.

Kasancewar malami maƙwabci ne yana da nasa nauyin. A unguwa labari ba ya kwana, gida ɗaya ne yake tura ka wani gida, kuma wannan yana sa wasu malamai su ji nauyin faɗa wa maƙwabci cewa ɗansa yana baya ƙwarai, ko su riƙa kai labarin raunin yaron wani gida zuwa wani, wanda cin amana ne ko da da sunan hira aka yi shi. A nasu ɓangaren, iyaye su tanadi wuri a fili inda babba yake iya gani, ba ɗaki a rufe ba, a kashe talabijin, a ɗauke waya, a hana aiken yaro a tsakiyar darasi. Bayan wata guda su tambayi malamin takamaiman abin da ya gano yana damun yaron, kuma idan amsar ba ta wuce "yana ƙoƙari" ba, to bai bincika ba. Ba na kuma goyon bayan malamin aji ya riƙa karɓar kuɗi yana yi wa ɗaliban ajinsa lesin, komai gaskiyarsa, domin shi ne mai tsara jarrabawar kuma shi ne mai ba da makin, kuma iyayen da ba su biya ba ba za su daina zargi ba.

Wani abu da ba ya barina in saki jiki da wannan sana'a shi ne, yara biyu suna zaune a benci ɗaya, gidajensu a layi ɗaya, ɗaya yana da malami da yamma ɗaya ba shi da shi, kuma jarrabawa guda za su rubuta. Mark Bray, wani masanin harkar ilimi, ya yi wa hukumar UNESCO nazari a kan wannan a 1999, inda ya bayyana lesin a matsayin inuwar makaranta, mai bin manhaja duk inda ta juya, mai kuma faɗaɗa tazara tsakanin masu hali da marasa hali. Gwamnatoci sun gwada hani. Koriya ta Kudu ta haramta lesin a 1980, amma bai daina ba, ya koma ɓoye ne, har Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin kuma a watan Yulin 2021 ta hana kamfanoni neman riba da koyar da darussan manhaja ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Matuƙar jarrabawa guda ce take raba wa yara makoma, iyaye za su nemi taimako ta kowace hanya, don haka ban ga hani zai magance komai ba.

Abin da ya fi kusa da hannun malamin unguwa shi ne ƙaramin rukuni. Yara uku ko huɗu na gidaje maƙwabta, a haɗa su bisa inda iyawarsu ta tsaya ba bisa ajin da suke ba, iyaye su raba nauyin a tsakaninsu. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni a biranen Mumbai da Vadodara suna koya wa yaran da aka bari a baya ainihin karatu da lissafi na awa biyu a rana, kuma binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi ya nuna cewa mafi raunin yaran su ne suka fi amfana. Ni ma na ga wani alheri a rukuni wanda zaman mutum ɗaya ba ya bayarwa: yaron da aka sa ya bayyana wa ɗan'uwansa dalilin da ya sa ake juya gutsure idan za a raba da shi, nan take yake gane ko ya fahimta ko haddacewa ya yi. Idan rukunin ya wuce biyar kuwa, ya koma aji, kuma matsalar da aka gudo ta dawo.

Lesin ɗin da ba shi da ranar ƙarewa yana da tasa illar. Na ga yaran da suka daina sauraro a aji saboda sun san Malam zai zo da yamma ya maimaita, da waɗanda ba sa iya fara tambaya sai akwai babba a gefensu. Shi ya sa tun zaman farko nake shaida wa iyaye alamomin da nake jira: yaro ya riƙa gano kuskurensa kafin in nuna masa, ya zo mini da tambaya takamaimai daga darasin aji maimakon ya ce duk bai gane ba, kuma ya iya zama shi kaɗai a kan tambayar da bai taɓa gani ba na minti goma ba tare da ya ajiye biro ba. Idan waɗannan suka bayyana, sai mu rage zaman zuwa sau ɗaya a mako, daga baya zuwa sau ɗaya a wata domin a duba littafinsa kawai, kuma gurbin da ya bari sai in ba wani yaro daga jerin masu jira.